Ina Amfanin Lauyan Da Bai Iya Zaman Sulhu Ba?

Watannin baya, bayan rasuwar wani ɗan'uwanmu, rigima ta taso tsakanin 'ya'yansa da ƙanensa a kan wani shago da ke bakin kasuwa. Ƙanen marigayin ya ce rabin shagon nasa ne, domin da kuɗinsa aka yi rufi aka sa ƙofa fiye da shekara 20 da suka wuce. 'Ya'yan kuwa suka ce ba su taɓa jin wannan magana daga bakin mahaifinsu ba. Aka tara dangi a zaure bayan sallar la'asar domin a kashe wutar tun ba ta yi nisa ba. Ni da kaina na gayyato ɗan ƙanwata, wanda bai daɗe da fitowa daga Makarantar Horar da Lauyoyi ba, ina taƙama da cewa yau muna da masanin doka a gida.

Dattijon yana cikin bayani, bai ko kai rabi ba, sai lauyan namu ya gyara zama ya ce, "Baba, kana da wata takarda ko shaidu da za su tabbatar da wannan iƙirari naka?" Zauren ya yi tsit. Dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, takarda tsakanina da wanda muka sha nono ɗaya?" Ya kaɗe rigarsa ya fita, kuma fitar da ya yi ke nan. Da muka koma mota sai yaron ya tambaye ni cikin mamaki na gaskiya, "Kawu, me na faɗa wanda ba daidai ba?"

Ta fuskar doka bai faɗi komai ba daidai ba. Tambayarsa ita ce ta farko da kowane alƙali zai yi. Sai dai a wannan zaure, a gaban surukai da jikoki, ma'anarta ita ce an kira dattijo maƙaryaci a kan ɗan'uwansa da ke kabari. Daga baya muka fahimci cewa rabin shagon ma bai dame shi ba. Abin da yake nema shi ne a yarda da ɗawainiyar da ya yi, kuma kada a kori ɗansa da ke zama a shagon. Wannan abu ne da za a iya gamawa kafin magariba. Yanzu maganar tana kotu, kuma gidajen biyu sun daina halartar sunan juna.

Ban kawo wannan labari don in ci zarafin yaron ba. Yaro ne haziƙi, kuma abin da aka koya masa shi ya yi. Ɗalibin shari'a a Nijeriya kan shafe shekara 5 a jami'a, sannan ya ƙara kusan shekara 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962, yanzu kuma hedikwatarta ke Bwari, da rassa a wurare irin su Bagauda ta Jihar Kano da Yola. A tsawon wannan lokaci ana horar da shi ne a kan ja-in-ja: yadda zai tsara ƙara, yadda zai titsiye shaida da tambayoyi har ya warware maganarsa, yadda zai kafa hujja da hukunce-hukuncen baya. Har kotun gwaji ake shirya masa, ya sa baƙar riga ya tsaya gaban malamansa ya gwada ƙwarewarsa. Ba na cewa ba a koyar da hanyoyin warware rikici a wajen kotu. Ana koyarwa, kuma ɗalibai na cin jarrabawarsu. Abin da nake tambaya shi ne, sau nawa aka zaunar da wannan ɗalibi tsakanin mutum biyu masu fushi da juna aka ce ya raba su? A iya abin da na gani a matsayina na maƙwabcin tsangayar shari'a na shekaru masu yawa, akasarinsu sun san sulhu ne yadda wanda bai taɓa shiga ruwa ba ya san iyo.

Da yake ni ɗalibin harshe ne, bari in fara da kalmomin kansu, domin daga nan ruɗanin yake farawa. Bahaushe kan tara komai ya kira shi sulhu, alhali abubuwa uku ne mabambanta a idon doka. Akwai shiga tsakani, inda mutum na uku yake taimaka wa masu rikici su yi magana har su samo mafita da kansu, shi ba ya yanke komai. Akwai sasantawa, inda mai sasantawar yake da damar ya ce ga shawarar da yake gani, amma karɓa ko ƙi yana hannun masu rikicin. Sai kuma tahkimi, kalmar da muka gada daga littattafan fiƙihu, inda ɓangarorin biyu suke zaɓar wanda zai saurare su ya yanke hukunci, kuma hukuncin ya hau kansu ko sun so ko ba su so ba. Na farko da na biyu 'yan'uwan juna ne, har ma dokarmu ta yanzu ta haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya. Na ukun kuwa shari'a ce sosai, illa dai ba a cikin kotun gwamnati ake yin ta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan malaman nahawu ne. A ce ɗan kasuwar Kantin Kwari zai sa hannu a yarjejeniya da wani kamfani na Sin ko na Dubai, a ciki akwai sakin layi da ya ce duk saɓanin da ya taso za a kai shi tahkimi a wani birni na ƙetare. Ya tambayi lauyansa me wannan wuri yake nufi, lauyan ya ce, "Alhaji, wannan sashen sulhu ne kawai." Alhaji zai sa hannu da kwanciyar hankali, domin sulhun da ya sani shi ne wanda idan bai gamsu ba zai tashi ya tafi kotu. Bai san ya rufe wa kansa ƙofar kotu ba ne. Hukuncin tahkimi ba a ɗaukaka ƙara a kansa don kawai an ga mai hukuncin ya yi kuskure. A dokar Nijeriya wata 3 kacal mutum yake da su ya nemi kotu ta soke shi, kuma a kan 'yan dalilai ƙididdigaggu. Sannan saboda yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijeriya ta shiga a 1970, ana iya bin dukiyarsa da wannan hukunci a ƙasashe fiye da 160. Fassarar kalma ɗaya ke nan.

Ta ɓangaren dokoki da cibiyoyi, ƙasar nan ba ta zauna ba. Tun 1988 muke da dokar tahkimi da sasantawa, wadda aka maye gurbinta da sabuwar dokar tahkimi da shiga tsakani da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2023. Sabuwar dokar ta ba yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar shiga tsakani ƙarfin da kotu za ta iya tilasta aiwatar da ita, ta kuma kare sirrin abin da aka faɗa a wurin zaman. Tunanin nan na kotu mai ƙofofi da yawa, wanda Farfesa Frank Sander na Jami'ar Harvard ya gabatar a Amurka a 1976, wato mai ƙara ya zo a duba matsalarsa a nuna masa ƙofar da ta dace da ita, ya iso Legas a 2002, Abuja a 2003, Kano kuma a 2009. Ƙa'idojin aikin lauya na 2007 sun wajabta wa lauya ya sanar da wanda yake wa aiki cewa akwai hanyar sulhu kafin a garzaya kotu. Ƙofofi dai an buɗe su. Wanda zai tsaya a bakinsu ya san abin da yake yi shi ne ba mu tanada yadda ya kamata ba.

Wanda yake ganin abin bai kai a damu ba, ya tuna da shari'ar Nijeriya da kamfanin P&ID. A 2010 aka ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba. Ba a aza ko tubali ɗaya ba, amma a watan Janairun 2017 kwamitin tahkimi a Landan ya yanke cewa Nijeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin da ruwa ya haura da shi sama da dala biliyan 11. Sai a watan Oktoban 2023 Mai Shari'a Robin Knowles na babbar kotun Ingila ya amince da ƙorafin Nijeriya, bayan ya tabbatar da cewa an yi amfani da cin hanci da zamba. Abin da ya kamata malaman shari'a su karanta wa ɗalibansu a wannan hukunci shi ne inda alƙalin ya nuna cewa wasu daga cikin waɗanda suka wakilci Nijeriya a zaman tahkimin, lauyoyi da ƙwararru da jami'an gwamnati, ba su yi aikinsu yadda ya dace ba. Da ƙyar muka sha. Ƙasar da take sa hannu a kwangilolin jiragen ƙasa da wutar lantarki da haƙar ma'adinai ba za ta ci gaba da dogaro da sa'a ba.

Amma tahkimin biliyoyin daloli rabon mutane ƙalilan ne. Mafi yawan ɗaliban da muke yayewa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri za su ƙare ne a kan rikicin iyakar gona, da bashin 'yan kasuwa, da kuɗin haya, da gado, da aure, da ɓarnar da shanu suka yi a gonar gero. A nan ne abin ya fi ba ni takaici, domin wannan fage ne da muke da gado mai kauri a cikinsa. Suratun Nisa'i ta yi umarni da a naɗa mai hukunci daga dangin miji da wani daga dangin mata idan an ji tsoron ɓaraka. Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, littattafan da alƙalanmu suka tashi da su, kowanne yana da babi a kan sulhu da sharuɗɗansa. Mai unguwa da dagaci da liman da sarkin kasuwa da sarkin noma da arɗo sun shekara aru-aru suna wannan aiki, kuma Kotun Ƙoli ta amince da ingancin tahkimin gargajiya a shari'ar Agu da Ikewibe a 1991. A kasuwar hatsi ta Dawanau kullum ana kashe rigingimun miliyoyin naira tsakanin fatake da dillalai ba tare da an taka harabar kotu ba. Ɗalibinmu zai iya kawo maka sunan farfesan Harvard, amma bai taɓa zama awa ɗaya a gefen tabarmar mai unguwarsu ya ga yadda ake yi ba.

Abin da zai gani a can, da ya zauna, aikin harshe ne tsantsa. A kotu ana ɗaukar magana a kan zahirinta: abin da shaida ya furta shi magatakarda zai rubuta. A zaman sulhu kuwa, musamman tsakanin Hausawa, rabin saƙon ba ya cikin kalmomin. Idan mutum ya ce "ba komai", sau da yawa akwai komai. Idan ya ce "na ji", ya tabbatar maka ne cewa kunnensa na aiki, bai ce ya yarda ba. "To" tana da fuska wajen biyar, gwargwadon tsawonta da karin sautin da aka ɗora mata: akwai ta amincewa, akwai ta mamaki, akwai ta "za ka gani". "Sai na yi shawara" kan zama ƙi cikin ladabi, ko kuma ishara cewa mai yanke maganar yana gida, wataƙila uwa ce ko babban wa, kuma duk abin da aka ƙulla ba da saninsa ba warwarewa zai yi. Wanda ya ce "na bar wa Allah" bai yafe ba. Ya ɗaukaka ƙara ne zuwa kotun da ba a ɗage zama. Mai shiga tsakanin da ya rubuta cewa an daidaita saboda ya ji waɗannan kalmomi, takarda kawai ya samu.

Haka nan shiru. Matar da ta sunkuyar da kai a gaban surukinta ba ta rasa abin faɗa ba ne, kunya ce ta ɗaure ta, kuma sai an keɓe da ita, wataƙila tare da wata mace da ta amince da ita, sannan za a ji ainihin abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya. Dattawa sun san wa ake fara ba dama ya yi magana, sun san lokacin da ake sako barkwanci ko wasan taubasai don a sassauta fuska, sun san yadda ake karɓar magana mai zafi daga bakin wani a sake fasalinta kafin a miƙa wa ɗaya ɓangaren. Wani ya ce, "Ɓarawo ne, ya cinye mini kuɗi," dattijo ya juya ya ce, "Ɗan'uwanka yana cewa akwai lissafin da bai gane ba." Masana shiga tsakani na zamani sun ba wannan dabara suna, suna koyar da ita a kwasa-kwasan da ake biya da tsada. Da Ingilishi suke koyar da ita, ga ɗalibin da zai yi aikin da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri.

Saboda haka horon da nake kira a yi ba ƙarin lacca ba ne. A ware zango guda cur wanda ɗalibi zai riƙa zama a kujerar mai shiga tsakani, abokansa biyu su ɗauki matsayin masu rikici, kowanne an ba shi bayanin sirri da ɗayan bai sani ba. A ɗauki zaman a bidiyo, ko da wayar hannu ce, a dawo a kalla tare a ga inda ya katse mutum, inda ya nuna ya karkata, inda ya yi gaggawar kawo mafita. A yi wasu zaman da Ingilishi, wasu da harshen da mutanen yankin ke rigima da shi. Bayan nan a tura shi ya zauna a matsayin mai kallo a cibiyar sulhu ta babbar kotu, da kotun shari'ar Musulunci, da ofishin Hisba inda ake da ita, da fadar hakimi, da ofishin shugabannin kasuwa, da izinin masu rikicin da alƙawarin riƙe sirri. A ƙarshe ya rubuta yarjejeniyar sulhu da kansa, cikin harsuna biyu, wadda manomi zai gane idan an karanta masa, kuma alƙali zai iya aiwatarwa idan an saɓa. Su kuma masu sha'awar tahkimin kasuwanci a sa su rubuta sakin layin tahkimi da hukuncinsa, a kuma nemo musu tallafin zuwa gasanni irin ta Willem Vis da ake yi a Biyana ta ƙasar Ostiriya duk shekara.

Ba sabon gini ake bukata ba. Ɗakunan ba da agajin shari'a kyauta, inda ɗalibai ke karɓar matsalolin talakawa a ƙarƙashin kulawar malami, sun fara bayyana a jami'o'inmu tun wajen 2005, kuma Jami'ar Maiduguri tana cikin na farko-farko. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Ga gurbi nan a buɗe. Wahalar da na hango ita ce ta yawan ɗalibai da ƙarancin malaman da su kansu suka taɓa yin aikin, domin ba a horar da mutum 300 a kan sauraro a ɗaki ɗaya. Wannan kuwa sai an jawo alƙalan da suka yi ritaya da lauyoyin da ke da takardar ƙwarewa a fannin, a raba ɗalibai rukuni-rukuni.

Akwai wata fuska da ba zan tsallake ba, domin masu yabon sulhu kan kau da kai daga gare ta. Sulhu a ƙasar nan ya sha zama mayafin danniya. Gwauruwar da aka cinye wa tumunin takaba, marayan da baffansu ya sayar da gonarsu, leburan da aka hana haƙƙinsa, duk an sha tara su a zaure a ce musu "a yi haƙuri", kuma kusan kullum mai rauni ake ba haƙurin. Mafi muni, ana kai laifuffuka irin su fyaɗe gaban masu unguwa a kashe maganar da 'yan kuɗi don a rufa asiri. Malaman fiƙihu tun da can sun gindaya cewa sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal ɓatacce ne. A nan ne lauyan da ya samu horo yake da abin da dattijon unguwa ba shi da shi: ya san haƙƙin kowa a doka, ya san maganar da ba ta sulhuntuwa, ya san lokacin da zai dakatar da zama ya ce wa mai rauni kada ta sa hannu sai ta ji abin da kotu za ta iya ba ta. Don haka ba ina cewa a mayar da ɗaliban shari'a masu unguwanni ba ne. Ina so ne su koyi kunnen mai unguwa, su riƙe ma'aunin doka a ɗaya hannun.

Na san abin da wasu abokaina lauyoyi ke faɗa idan mun keɓe: shari'ar da aka gama a zama biyu ba ta ciyar da gida. Gaskiya ne cewa wanda ake biya kuɗin kowace fita kotu ba zai yi murnar gajeruwar hanya ba, kuma wa'azi ba zai canza wannan ba. Abin da zai canza shi shi ne a koya wa ɗalibi tun yana makaranta yadda ake yanka ladan aikin sulhu a fili, a rubuce, tun farkon magana, yadda ba zai ji ya yi asara ba idan rigima ta mutu da wuri. Kuma ya kamata a nuna masa ɗaya gefen lissafin. Shari'ar Ariori da Elemo, rikicin fili a Legas, an shigar da ita a 1960, ta kai Kotun Ƙoli aka yanke a 1983 cewa a koma a sake ta daga farko. Mutanen da suka ga irin wannan suna guje wa lauya ne baki ɗaya, su kai kukansu inda ba a neman sa. Ɗan kasuwar da lauya ya karɓo wa bashinsa cikin mako 3 ba tare da ya rasa abokin cinikinsa ba, shi ne zai dawo gobe da wata maganar, ya kuma turo maƙwabcinsa.

Mu ma a sassan harsuna muna da namu laifin. Mun cika ɗakunan karatu da kundaye a kan karin magana da zaurance da salon waƙa, amma ba mu zauna da malaman shari'a mun daidaita kalmomin da za a yi wannan aiki da su ba, har yau kowane gidan rediyo da irin fassarar da yake yi wa tahkimi. Muna da ɗaliban da suka iya naɗar magana su rubuta ta harafi da harafi, su nuna inda murya ta tashi da inda aka yi shiru na daƙiƙa nawa. Tsangayar shari'a tana da masu sanin abin da yarjejeniya ke bukata kafin ta tsaya a gaban alƙali. A jami'ar da nake koyarwa, tafiyar minti 5 ce tsakanin ofisoshinmu. Na riga na rubuta wa shugaban tsangayar takarda ina neman mu fara da ɗalibai 20 a zango mai zuwa, na kuma nemi ɗan ƙanwata ya zo ya ba su labarin zauren nan da bakinsa. Ya ce zai zo, da sharaɗin in fara raka shi gidan dattijon ya ba shi haƙuri.